Madubin Dodo da Bakin Zainabu

A shekarar da kogi ya shigo mana gida, Haboba ta koma ba da tatsuniya a kan tudu, ƙarƙashin rumfar da Baba ya kafa da itacen da ruwa ya rage mana. Da can a tsakar gida take zama, bayanta jingine da katangar ɗakinta. To, katangar ta narke ta koma laka, ɗakin ma ya bi ta. Ƙauyenmu yana bakin kogin nan da muke ce wa Bahar, ba nisa da Abu Hujar, kuma duk abin da muke ci daga bakinsa yake fitowa: ayaba, albasa, kifi, masara. Shi ya sa ko da ya yi mana ɓarna, ba wanda ya zage shi da babbar murya.

Haboba uwar Baba ce. Sunanta Hajja Kulu, amma mu jikokinta da Larabci muke kiranta Haboba, wato kaka. Ita kuwa ba ta taɓa mayar mana da amsa da Larabci ba, ko da yake tana jinsa sarai. Hausarta ta iyayenta ce, waɗanda suka baro ƙasar Sakkwato da niyyar Makka, Bahar ya tsare su a hanya da kifi da ƙasa mai albarka. Idan muka cakuɗa mata magana sai ta kama kunnenta ta ce, “Wanga kunne Bahaushe na. Sake faɗi.”

Ana idar da sallar magariba take jawo kanun ɗinta, wato murhun ƙarfe, ta hura garwashi, ta ɗora 'ya'yan gahawa tana juyawa har su yi baƙi. Ta kan jefa ɗanyen ganye a gefen wutar saboda sauro, don a wannan damina sauro ya fi mu yawa a kan tudun. Hayaƙi ya sa mu hawaye, ƙamshi ya hana mu tashi. Mu yaran rumfunan da ke kusa mu zagaye ta, wasu a kan tabarma, wasu a kan buhu. Ni a lokacin ban wuce shekara goma ba. Ƙanwata Zainabu, wadda ake shirin sa wa a makaranta bayan damina, ita ce kullum a jikin ƙafar Haboba.

Sai dai Zainabun da ke zaune a wurin ba ita ce wadda muka sani ba.

Kafin ruwan, Rediyo Baba yake ce mata. Tun ta buɗe ido take magana: da kaji, da tulu, da mai wucewa, da inuwarta. Ranar da shingen buhunan yashi ya fashe, da hantsi ne, ta koma tsakar gida ɗauko takalminta. Katanga ta faɗi a bayanta, ruwa ya ɗauke ta ya bi lungu da ita. Baba ya cafko ta da riga a gindin darbejiyar ƙofar gida, har ta sha ruwa. Ko ƙwarzane babu a jikinta. Amma tun da ya ɗora ta a kafaɗa ya hau tudu da ita, bakinta bai sake fitar da sauti ba. Ba ta kuka, ba ta dariya. A ba ta abinci ta ci, a ce ta kwanta ta kwanta.

An kai ta asibitin Abu Hujar. Mai dubawa ya haska kunnenta da maƙogwaronta, ya ce komai lafiya, tsoro ne, a yi haƙuri. An yi mata rubutu ta sha. Makonni suka shige. Sai magana ta fara yawo a tsakanin rumfuna cewa mutanen ruwa ne suka riƙe muryar, kuma abin da suka riƙe ba sa saki. Wata maƙwabciya ta ce wa mahaifiyarmu, wadda muke kira Yumma, gara ta cire rai da batun makaranta, ta koya wa yarinyar aikin hannu tun da wuri. Yumma ta tashi ta bar wurin. Na dai gan ta a bayan rumfa ta cusa gefen mayafinta a baki don kada a ji ta.

Haboba tana da yadda take buɗe tatsuniya. Ta kan ce, “Ga wata nan tahe, ta sha hanya, ƙahwarta duk ƙura.” Mu kuma mu amsa, “Ta shigo, a ba ta ruwa!” A da, muryar Zainabu ce take riga ta kowa. Yanzu kuwa idan mun amsa, Haboba ta kan ɗan dakata, ta dubi kan Zainabu, ta jira kamar mai jiran baƙo ya gama cire takalmi. Sannan ta ci gaba. Kullum sai ta yi wannan jiran, ba ta taɓa fasawa ba, ba ta kuma taɓa cewa komai a kai ba.

Wata maraice ta zo mana da wadda ba mu taɓa ji ba.

Wai akwai wata yarinya, Laraba, ɗiyar mai sayar da duwatsun wuya. Garinsu a bakin kogi yake, a cikin kogin kuma akwai Dodo mai cikin da ba ya cika. Rana ɗaya ya fito ya bi gari gida-gida yana haɗiya. Ya haɗiye rumbuna, ya haɗiye awaki, ya haɗiye gangar makaɗi, har carar zakara bai bari ba. A gidan su Laraba ya haɗiye duk duwatsun uwarta. Abin da ya rage tasoshin tagulla ne guda uku da suka yi baƙi har ya raina su, da 'yan fasassun duwatsu da ba su cika tafin hannu ba.

Mutanen gari suka zauna jugum. Laraba kuwa ta samo tsamiya da toka ta yi ta dirzar tasoshin har suka koma kamar madubi. Tana cikin wanki ta lura fuskarta ta fita daga wannan tasa ta shiga waccan, daga waccan ta shiga ta ukun. Sai ta kafa 'yar bukka a bakin kogi, ta jingina tasoshin suna kallon juna, ta zuba fasassun duwatsunta a tsakiya, ta huda zana daidai ido ɗaya. Ta zauna a waje tana waƙa.

Nan Haboba ta kan buga ludayi a gefen kanun:

“Dodo, Dodo, mai babban ciki,
ka ɗebi ƙura ka bar zinari.”

Dodo ya ji, ya fito yana huci. Haboba ta kumbura kumatu ta yi muryarsa: “Wa ac cewa na bar wani abu?” Laraba ta nuna masa hujin. Ya sa ido. Sai ga duwatsu ja da kore da shuɗi, jere-jere, gabas da yamma, ba iyaka. Ta ɗan girgiza bukkar, suka watse suka sake jeruwa, wasu sababbi. Yawu ya zubo masa. Amma cikinsa ya riga ya cika har wuya.

“Sai Laraba tac ce mai, ‘Ai mai son sabon hatsi, rumbu shika hwara sharewa.’ Sai Dodo yad durƙusa. Sai yaf fara amai.” Haboba ta tsaya, ta dube mu ɗaya-ɗaya. “To, mi yaf fito? Ni idona ba shi gani da nisa. Ku gaya mani.”

Can wani yaro ya ce a hankali, “Akuyarmu.”

“Ta hito! Ga ta nan tana atishawa.”

“Keken Babana!”

“Ya hito, har da ƙararrawa.”

Sai wuri ya kaure. Kowa yana kiran abin da ruwa ya ɗauke masa: tukunya, allo, gado, 'yar tsana, bishiyar lemo. Duk abin da aka kira, Haboba ta ce ya fito, ta ƙara masa wani abin dariya. Har manya da ke gefe suka fara jefo nasu. Na ce, “Madubin Yumma!” ta ce, “Ya hito, Dodo ma ya tsaya ya duba haƙoransa.” Ina cikin dariya na waiga, sai na ga leɓɓan Zainabu suna motsi. Ba sauti. Amma suna motsi. Haboba ma ta gani, don hannunta ya tsaya cak a kan ludayin kafin ta ci gaba.

Ƙarshen tatsuniyar gajere ne. Da Dodo ya zama fanko, ya cusa kai cikin bukka don ya kwashe dukiyar. Bai tarar da komai ba sai 'yan tsakuwa. Ya ɗaga ido, sai ga dodanni sun kewaye shi ta ko'ina, kowanne ya wage baki, kowanne da yunwa. Ya kurma ihu, su ma suka kurma. Ya ja da baya ya faɗa can ƙasan kogi, har yau yana can yana leƙen ko sun tafi. “Na sauke ta nan,” in ji Haboba, “kayan sun yi mani nauyi. Mai ƙarhi shi ɗauka gobe.”

Washegari na same ta tana tsince wake, na ce, “Haboba, da gaske tasa uku za ta mai da abu kaɗan ya yi yawa, ko ƙaryar tatsuniya ce?”

“Da idona na gani,” ta ce. Wai tana yarinya kamata, ta raka babanta Sinja sayar da busasshen kifi. Akwai wani Bature Bagirke mai kanti a kasuwar, yana da wani ɗan bututu a kan teburinsa. Ya ga ta ƙura masa ido, sai ya miƙa mata ya ce ta leƙa ta juya. Sau ɗaya ta leƙa, babanta ya kira ta. Ta tambayi mai kantin me ke ciki, ya ɗaga yatsu uku ya nuna madubi. “Yac ce sunan abin kalandasko. Shekara nawa ke nan, ban manta ko launi guda ba.” Ta ture farantin waken. “Tashi. Ina madubin uwarki yah hwaɗi?”

Muka gangara tsohon gida. Laka ta fara bushewa ta tsage, wari na tashi. Inda ɗakin Yumma yake, muka tarar da ƙofar akwatin kayanta, wanda ta zo da shi gidan aure, kife a ƙasa. Muka ɗaga da ƙyar. Madubin da ke manne a jikinta ya tarwatse, amma Allah ya sa wasu ɓangarorin dogaye ne kamar wuƙa. Haboba ta zaɓi uku da tsawonsu ya yi kusa, ta naɗe a gefen zaninta.

Yumma da ta gani ta kau da kai. “Inna, don Allah ku jefar. Ba na son ganinsa.”

“Ba ke za ki gani ba,” in ji Haboba. “Kina da hwasassun awarwaro?”

Yumma ta miƙe. Sai ta shiga rumfa ta fito da wani ƙulli. Ashe ta tsince gutsattsarin awarwaronta na gilas daga laka ta adana, ita ma ba ta san don me ba. Akwai ja, akwai ruwan zuma, akwai kore mai ɗigon zinari.

Baba ne ya fi wuya. Gonar ayabarsa ta kwanta, injin ban-ruwansa yana ƙarƙashin laka, tun safe yake buga tubali don ya tada mana ɗaki kafin sanyi. Haboba ta ce ya yanko mata gora mai kauri. Ya share gumi ya ce, “Inna, ki gafarce ni. Mutane na neman inda za su sa kai, mu kuma mu tsaya yin abin wasa?”

Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunansa. Ta dubi tubalin ta ce, “Kai gina ɗaki. Ni wadda za ta cika shi da surutu nika nema.”

Ya ci gaba da buga tubalinsa. Da la'asar sai ga shi da gora a hannu, ya riga ya fafe cikinta ya kankare bakin.

Ba a karon farko abin ya yiwu ba. Mun goge kaifin madubin a kan dutsen niƙa, mun zura su cikin gorar suna fuskantar juna, mun zuba gutsattsarin, mun toshe ƙarshen da murfin gwangwani. Na leƙa, duhu ƙirin. Haboba ta leƙa ta ce, “Wanga kam cikin Dodo na.” Muka cire murfin, duwatsun suka zube. Muka sake, madubi ɗaya ya zame ya rufe sauran. Na fara cewa ko dai Bagirken nan da aljani yake aiki. Baba yana gefe kamar ba ya kallo. Sai ya taso ya ce, “Ba ni nan. Abin haske yake so.” Ya kwance gilashin wata matacciyar tocila ya tare duwatsun ta ciki don kada su gangaro ido. Ya jiƙa ƙaro ya manne madubin a jikin gorar. Ƙarshen kuma ya ɗaure shi da farar ledar sukari, wadda haske ke ratsawa. Ya ce a bar shi ya bushe sai gobe. Wannan ne karon farko tun zuwan ruwa da na ji yana fito da baki yayin aiki.

Kashegari da la'asar, rana ta karkata tana shigowa ƙarƙashin rumfa, Haboba ta miƙo min gorar. Na juya ta wajen hasken na sa ido.

Na san abin da ke ciki, ai ni na zuba da hannuna: 'yan gutsattsarin awarwaro, ƙwayar dutsen wuya biyu ko uku, da yankin takardar alawa. Amma abin da na gani tauraro ne mai kusurwa shida, ja a tsakiya, kore ya kewaye shi, kuma irinsa sun bazu ta ko'ina kamar an shimfiɗa darduma har bangon duniya. Na motsa hannu kaɗan, na ji ɗan ƙaras, tauraron ya rushe ciki, wani abu kamar zanen lalle ya buɗe a madadinsa. Na yi ihu. Haboba ta karɓa ta leƙa, ta daɗe, sannan ta sauke ta ce, “Shi na. Har ya hi na Bagirke.” Ta kama hannun Zainabu ta ɗora mata.

Zainabu ta riƙe gorar da hannu biyu. Ta sa ido. Ta juya a hankali, ta juya, ta juya. Sai ta tsaya. Ta daina ko motsi, numfashinta ma kamar ta riƙe shi. Yumma tana can gefe tana shafa ƙullun kisra, siririyar wainar dawa, a kan kasko. Haboba ta yi kamar tana gyara garwashi. Ni kuwa haƙurina ya ƙare, don leƙa ɗaya na yi aka karɓe. Na jira, na jira. Daga baya na kama gwiwar hannunta na girgiza na ce, “Ke, ai ba naki ba ne ke kaɗai.”

Na ji ƙaras ɗin nan. Zainabu ta sauke gorar. Fuskarta ta haɗe, idonta ya kawo ruwa, ƙirjinta ya ɗaga.

“Hauwa! Kin ɓata min furena! Hallini, ƙyale ni! Muguwa kawai!”

Muryar ta fito a dishe kamar ƙofar da ta daɗe a rufe, amma har rumfa ta uku an ji ta. Kisra ta ƙone a kan kasko. Yumma ta miƙe tsaye da ƙullu a hannu, ta buɗe baki, sai guɗa ta ɓalle mata, irin wadda ban taɓa jin ta yi ba ko a biki. Matan maƙwabta suka amsa tun ba su san dalili ba. Baba ya taho a guje daga wurin tubali da fartanya a hannu, ya ɗauka maciji ne. Yana isowa Zainabu ta tare shi tana nuna ni.

“Baba, ka ga Hauwa ko? Na samu fure mai kyau, ja da ruwan zuma, ta zo ta girgiza ni, ya tafi!”

Baba ya saki fartanyar. Ya zauna daɓas a ƙasa, laka har gwiwa. Ya ce, “Me ta yi? Ban ji ba. Sake gaya min.” Ta sake. Ya ce, “Kai! Sannan me ya faru?” Ta sake, ta ƙara da laifin da na yi mata tun kafin damina. Yana dariya hawaye na bin gemunsa. Da ta gama ya juyo gare ni ya ce, “Hauwa, kin yi babban laifi. Allah ya yi miki albarka.” Har yau idan muka yi faɗa da Zainabu ina tuna mata cewa ni na buɗe bakin da take zagina da shi.

Zakara ɗaya ya tsira mana daga ruwan, ya kwana biyu a kan darbejiya. A ranar ya shiga tukunya, aka raba romonsa rumfa-rumfa. Da magariba ta wuce Haboba ta hura wuta ta ce, “Ga wata nan tahe, ta sha hanya,” ba ta kai ga ƙurar ba Zainabu ta ce, “Ta shigo, a ba ta ruwa, a ba ta gahawa ma!” Maƙwabciyar nan da ta ce a cire rai tana zaune a wurin, ita ta fi kowa tafi.

Kwanaki bayan haka Zainabu ba ta da aiki sai juya gora, tana neman furenta. Ta juya dama, ta juya hagu, ta girgiza yadda na girgiza ta. Furanni suka yi ta zuwa, amma ba wancan ba. Ran nan ta kawo ƙara wurin Haboba tana shirin kuka.

“Ba shi dawowa,” in ji Haboba, ba ta ko sassauta ba. “Ko Bagirke bai iya maido shi. Amma buɗe ki duba, akwai dutsen da yah hita?”

“Babu.”

“To, duk suna nan. Zama sunka sake. Ci gaba da juyi.”

Yaran tudu suka raɗa wa gorar suna Madubin Dodo. Ta zaga kowace rumfa, har tsofaffi masu cewa ba ruwansu sukan karɓa a ɓoye. Bayan damina aka sa Zainabu makaranta, kuma kafin wata ya cika an aiko wa Yumma cewa yarinyar ta cika surutu a aji. Yumma ta dafa shayi ta kira maƙwabta. Ƙauyen kuwa bai koma inda yake ba. A kan tudun aka gina shi. Wanda a da yake gabas da mu ya koma yamma, waɗanda ba sa ga-maciji suka wayi gari katanga ɗaya ta raba su, har aure ya shiga tsakaninsu.

Sai da na je Wad Madani karatun koyarwa na sake haɗuwa da kalmar Haboba. Malamar Turancinmu tana kwatanta kasuwa, sai ta ce kasuwa kalaidoskof ce. Na fashe da dariya a tsakiyar aji, don na gane kalandasko ne ya zo da sabuwar riga. A nan na ji cewa asalin kalmar daga harshen Girkawa ne, an haɗa kyau da siffa da kallo. Na kuma ji ba ta tsaya a kan abin wasan yara ba. Ana faɗinta ga duk abin da ke da launi da yawa kuma ba ya zama wuri ɗaya, ko gari, ko taron biki, ko rayuwar mutum. Har garken malam-buɗe-littafi idan sun tashi tare, wai da sunan ake kiransu. A littafin kimiyya na Larabci kuma na tarar an rubuta mishkal.

Da na zo hutu na kwashe duka na gaya wa Haboba. Ta tsufa sosai a lokacin, Zainabu ce ke gasa mata gahawa. Na malam-buɗe-littafi ya yi mata daɗi, ta ce, “Wanga daidai na, su ma ba ka iske su yadda ka bar su.” Da na zo kan na Larabci sai ta kama kunne. “Mi? Mushkila? Wanda yas sa mai wanga suna bai leƙa ba.”

Na daɗe ina ɗauka cewa kyan abin da Zainabu ta gani ne ya warkar da ita. Haka nake ba da labarin. Haboba ce ta gyara min, ana saura kaɗan ta rasu. Ta ce kyau ya jawo ta bakin ƙofa ne kawai. Wanda ruwa ya ɗauke wa komai, in ji ta, ya kan daina cewa wani abu nasa ne, don kada a sake ɗauka. Ranar da ya so abu har ya yi faɗa a kansa, ranar ya dawo.

Ban gane nauyin maganar ba sai a 'yan shekarun nan, da yaƙi ya watsa mutanen yankunanmu na Jazira da Sinnar, muka tsinci kanmu a wata makaranta da aka mayar masauki a gabashin ƙasar. Da safe mukan tara yara a ƙarƙashin bishiya mu koyar da abin da ya sawwaƙa. Waɗanda suka fi ba ni tsoro ba masu kuka ba ne. Masu ladabin nan ne da ya wuce kima, waɗanda in ka karɓe abin hannunsu sai su bi ka da ido kawai. Akwai wata yarinya daga wajen Kamlin, Amna, da ta yi watanni a haka. Na ba ta guntun alli mai launin shuɗi na ce nata ne, ba na aji ba. Kullum tana zana ƙofar gida a kan dakali, ƙofa ɗaya, ta goge, ta sake. Wata safiya wata babbar yarinya ta fizge allin. Amna ta miƙe, ta damƙi rigarta, ta daka mata tsawar da ta sa tsuntsaye suka tashi daga bishiyar: “Nawa ne!”

Shugabar makarantar ta taso da sauri za ta raba faɗa ta hukunta mai tsawa. Kafin ta iso na riga na ɗora hannu a baki na rangaɗa guɗa, a tsakiyar darasin lissafi, gaban yara da iyayensu. Har muka rabu matar nan tana yi min kallon wadda wahala ta taɓa wa kai. Amna kuwa ta karɓi allinta, ta koma dakali, ta zana ƙofar, ta kuma zana mutum tsaye a bakinta.